Auta Tana Hutu

"Ba wari ba ne, magani ne yake aiki," in ji mai kemis, yana naɗa sabon bandeji a kan tsohuwar auduga ba tare da ya ɗaga ta ya duba ba.

"To me ya sa kake kau da kai?" Auta ta tambaye shi.

"Mura nake fama da ita."

"Jiya mura, shekaranjiya mura. Kai da kake sayar da maganinta."

Ya yi 'yar dariyar yaƙe, ya saci kallon bakin ƙofa, inda Yaya yake tsaye cikin rigar aikinsa mai ruwan toka, makullan masana'anta na lilo a ƙugunsa. Tun ranar da ya kawo ta gida a bayan motar kamfani, hannunta na dama a ƙunshe cikin singiletinsa, Yaya bai sake ƙetare dokin ƙofar ɗakin nan ba. Daga nan yake gaishe ta, daga nan yake tambaya ko ta ci abinci, idonsa a kan labule, ko a kan fanka, ko'ina dai ban da kan hannun.

"Yaya, a kai ni asibiti," ta ce.

"Za a kai ki."

"Yaushe?"

"Ba na gaya miki ba? 'Yan majalisa na zuwa su tafi, Manaja da kansa zai sa ki a mota. Asibitin kuɗi, ba inda za a yasar da ke a benci ba. Ɗaki ke kaɗai, har da talabijin."

"Ni bencin ma ina so."

"Auta, don Allah kar ki fara da sassafen nan."

Mai kemis ya tattara almakashinsa cikin leda, ya ce irin wannan ciwo sai ya yi ruwa kafin ya kame, ya fice da sauri. Ta ji su suna ƙus-ƙus a tsakar gida. Shi yana cewa gaskiya abin ya fara fin ƙarfinsa. Yaya yana cewa a ƙara mata allura, 'yan kwanaki ne suka rage.

A cewar kamfani, Auta ba ta ji ciwo ba. Hutu ta ɗauka. Haka aka rubuta a ofis, haka aka gaya wa abokan aikinta, haka kuma gidan gaba ɗaya ya haddace. Duk wanda ya yi sallama ya tambaye ta, amsar ɗaya ce: tana hutu, ta je wajen Gwaggo. Yaya ya karɓe wayarta, wai don kar a dame ta. Ya sa aka mayar da ita ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon lungu, wai ya fi iska.

Masana'antar kujerun roba ce, irin waɗanda ake kai wa makarantu. Kowa a unguwar ya san gwamnati ce take riƙe da ita: ta ɗauke mata haraji, tana biya mata rabin kuɗin wuta, ta kuma ba ta maƙudan kuɗi ta sayo sababbin injuna, masu tsayawa cak da zarar hannu ya kusanto bakinsu. Amma babu ma'aikaci ko ɗaya da ya taɓa ganin takardar yarjejeniyar. Abin da suka gani da idonsu shi ne sabon inji guda ɗaya tak a gaban zaure, lulluɓe da tamfol, ana yaye shi ranar da za a yi baƙi. Sauran duk tsofaffi ne da aka shafa wa fenti. Sai kuma ƙaton allon da ke bakin ƙofar shiga, mai manyan baƙaƙe: A NAN BA A TAƁA SAMUN HATSARI BA. Yanzu lokacin sabunta tallafin ya yi, kwamitin majalisa zai zo gani da ido. Asibiti kuwa yakan rubuta inda mutum ya ji ciwo, kuma rubutu yana da ƙafa.

Tsohon injin da Auta take aiki a kai yana da 'yar ƙofar kariya. Ba ya haɗe baki sai an rufe ta. Buɗewa da rufewa na cin lokaci, Manaja kuma ya ce kujeru ba sa kai adadin da aka yi alkawari. Yaya ne mai kula da layin injuna. A gabanta ya durƙusa ya ɗaure makunnin ƙofar da guntuwar wayar ƙarfe, ya miƙe yana karkaɗe gwiwa, ya kashe mata ido.

"Walƙiya irinki ai ba ta buƙatar ƙofa," ya ce mata ranar.

Walƙiya suke ce mata a wurin aiki, saboda saurin hannunta. Ta ji daɗin maganar har cikin ranta. Ta yi makonni tana zura hannu tana zaro kujera mai zafi kafin ƙarfe ya haɗe, sai ranar da wata kujera ta maƙale, ta sake komawa ta fizgo ta.

Ba ta gaya wa kowa maganar wayar nan ba. Ko Mama.

Kwanakin ɗakin baya ba su da kai ba su da gindi. Ta kwanta, ta tashi, ta zauna a bakin gado, ta je taga, ta dawo. Hannun yana bugawa kamar an dasa masa tasa zuciyar daban, mai saurin fushi. In ta sauke shi ƙasa, sai ta ji kamar ana hura shi da famfo. In ta ɗaga shi sama, kafaɗa ta gaji. Ta koyi cin abinci da hagu, ta koyi ɗaura zani da haƙori da gwiwar hannu. Abin da ta kasa koya shi ne zama wuri ɗaya. Wani lokaci sai ta tsinci yatsun hagunta suna motsi su kaɗai a kan cinyarta, zura, zaro, ajiye, kamar har yanzu suna jiran 'yan'uwansu su karɓa.

Mama takan shigo da rana da kofin shayi, ta zauna a gefen hagu.

"Sha, 'yar albarka. Ki daure."

"Mama, ki duba shi mana. Ko sau ɗaya."

"Ni ban iya ganin jini ba, kin sani."

"Ba jini yanzu. Wani abu ne daban."

Mama ta gyara ɗankwalinta, ta dubi ƙasa. "Yayanki ne ya riƙe mu tun da babanku ya rasu. Shi ya biya miki makaranta, shi ya nema miki aikin nan mutane na layi a rana. In aka kore shi ina za mu nufa? Ga matarsa da tsohon ciki. Ƙaddara ce ta same ki, Auta, ba wanda ya so haka."

"Ban ce wani ya so ba."

"To ki yi haƙuri. Ba dai 'yan kwanaki ba ne?"

Matar Yaya ba ta da yawan magana. Ita nata shi ne ta leƙo safe da yamma da gwangwanin feshin ƙamshi, ta fesa a labule, ta fesa a ƙarƙashin gado, ta ce sauro take kora. Ɗakin ya koma warin lemo da wani abu a ƙarƙashinsa wanda lemon ya kasa dannewa.

Wata ranar hutun mako abokiyar aikinta, wadda suke kira Duguwa, ta zo. Auta ta ji muryarta tun daga ƙofar gida, ta miƙe zumbur har jiri ya ɗebe ta.

"Ai tana hutu," in ji Mama. "Ta je wajen Gwaggonta."

"Hutu ba sallama? Mama, ni fa na ji ƙara ranar. An ce mu duka mu fita waje wai wuta ce ta samu matsala, da muka dawo an wanke ƙasa."

"Yanka ne ɗan kaɗan, ya ma warke."

"To ki ce mata injinta na gaishe ta. An ba wata sabuwar yarinya, ko wata ba ta yi da zuwa ba."

Auta ta buɗe baki za ta kira ta. Ta hango fuskar Yaya a ranta, durƙushe yana ɗaure makunnin injin, ta rufe bakin. Ta koma ta zauna tana tunanin sabuwar yarinyar, da ko an kwance wayar, da irin hannun da take da shi.

Bangon ɗakinta ɗaya ne da na shagon wani tela, wanda rediyonsa ba ya mutuwa daga safe har rufe shago. Ta nan duniya take shigo mata. Wata rana da hantsi ta ji an ambaci masana'antarsu, ta jawo filo ta manna kunne da bango. Zaman kwamitin majalisa ake watsawa kai tsaye. Shugabar kwamitin mace ce, muryarta a dake.

"Kuɗin nan na jama'a ne," take cewa. "Harajin mai shago ne da mai tura baro. Mu aka zaɓa mu sa ido a kansu. Ta yaya za ku ce mu amince a ƙara ba da tallafi, alhali ba mu ga abin da aka sa wa hannu a karon farko ba?"

"Ranki ya daɗe," in ji wani daga ma'aikatar gwamnati, muryarsa sumul kamar an shafa mata mai, "akwai sassan da suka shafi sirrin kasuwanci."

Tela ya taka kekensa ya tsaya. "Sirrin kasuwanci," ya ce wa abokin hirarsa. "Ka ji kalma mai daɗi. Ni ma daga yau in na ci yadin mutum ya tambaye ni, haka zan ce masa."

Wani ɗan majalisa ya tashi ya ce a bi a hankali, kar a kori masu zuba jari. Wani ya ce shi ya taɓa zuwa wurin, ya ga inji sabo fil da idonsa. Sai wakilin kamfanin ya karɓi magana, ya ce suna alfahari da cewa tun da suka buɗe ko ƙwarzane ma'aikaci bai taɓa samu ba. Aka yi tafi. Auta ta dubi dunƙulen bandejin da ke kan cinyarta, wanda ya yi rawaya a tsakiya, ta ji wata dariya tana taso mata wadda ta fi kuka ciwo.

Shugabar ta buga guduma. Ta ce ba za su taka ƙafa masana'antar ba sai an kawo musu cikakkiyar yarjejeniyar sun karanta, don su san abin da za su nema in sun je. An ɗage ziyarar.

Da yamma Yaya ya dawo da fara'a, rabon da a ga haƙoransa tun kafin hatsarin. A kafaɗarsa akwai kujerar roba shuɗiya, sabuwa dal. Ya tura ta cikin ɗakin da ƙafa daga inda ya saba tsayawa.

"Manaja ya ce a gaishe ki. Ya ce ki riƙa zama kina shan iska."

Auta ta dubi kujerar. Ta san ta. Ta san ɗan tudun da ke bayan ƙafarta ta hagu, inda bakin injinta ya ɗan ci.

"An ɗage zuwansu," in ji Yaya. "Allah ya taimake mu, mun samu lokacin gama fenti."

"Asibitin fa?"

Ya sosa ƙeya.

"Wato ni ma an ɗage ni."

"Ki riƙa tunani mana, Auta. Ke kaɗai ce? In aka janye tallafin nan rufe wurin za a yi. Duguwa da 'ya'yanta, mai gadi, masu sayar da abinci a bakin ƙofa, rabin unguwar nan a wurin suke ci. Kina so a ce ke kika rufe musu baki? 'Yan majalisar nan da kike ji, kina zaton ta ke suke yi? Su zo, a ɗauke su hoto, su tafi. Mu za a bari da yunwa."

"An kwance wayar?"

Karo na farko ya dube ta ido cikin ido. Sai ya juya ya tafi, makullansa na ƙara.

Daga ranar zazzaɓi ya sauka. Yakan zo da la'asar, ya kaɗa mata haƙora, ya tafi ya bar ta sharkaf da gumi. Kumburin ya wuce wuyan hannu. Mai kemis ya zo sau biyu, daga nan ya fara aiko da ƙwayoyi a ƙulle a takarda, daga baya ko aiken ya daina. Mama ta koma shafa mata man zafi a goshi tana tofa addu'a.

A cikin zazzaɓin nan, mutum ɗaya take gani. Mai fenti ne, dogo, mai ɗigon launi a gira kullum. A kan tsani ta fara ganinsa, yana shafe bangon masana'anta cikin rana, ta miƙa masa ruwan sanyi ba tare da ta ɗaga kai ba. Daga baya ya ce mata hannunta ya fara sani kafin fuskarta, kuma tun daga saman tsanin ya yanke shawara. Manya sun shiga maganar, an sa lokaci bayan damina. Makonni kaɗan kafin hatsarin ya yago guntun salatif ɗin da yake aiki da shi, ya zagaya shi a yatsanta na dama, ya yi alama da fensir, ya manna a cikin hularsa. Shi ma an gaya masa tana hutu.

Wata la'asar, zazzaɓin bai riga ya zo ba, ta ji fito a lungu. Gajere biyu, dogo ɗaya. Zuciyarta ta yi tsalle ta bar ta a zaune. Kafin ta yi shawara da kanta, bakinta ya riga ya amsa.

Takun ya tsaya. Fuskarsa ta bayyana a bayan ƙarafan taga.

"Ikon Allah. Gidan Gwaggon ke nan?"

"Yi a hankali, za a ji ka."

"Yanzu na fito daga wajen Mama, ta ce kina can kina hutawa. Ni fiton nan ya zame mini jiki ne kawai, ko akuya na gani a lungun nan sai na yi mata." Ya ƙura mata ido. "Walƙiya, wane irin hutu ne wannan da yake cinye mutum? Kin ga idonki kuwa?"

"Zazzaɓi ne." Ta ɓoye hannun a bayanta. "Kai fa? Ka yi kore shar kamar ganye."

"Aikinku ne. Kwana da kwanaki ina can. Jibi 'yan majalisa za su zo, an ce an kai musu takardar, amma rabinta an shafe da baƙin tawada. Shugabar ta ce za ta zo ta karanta sauran a jikin bango." Ya yi dariya. "Har allon bakin ƙofa na sabunta. Ki ga baƙaƙen, kamar a littafi. Kawo hannunki."

Ya ciro wani ɗan ƙulli daga aljihun gaba, ya warware. Zobe ne siriri na azurfa, ba ado, ya kama hasken yamma ya riƙe. Auta ta zura hannun hagu ta tsakanin ƙarafa. Ya saka mata. Zoben ya yi lilo, ya zame har gaɓa.

"Ba wannan na auna ba."

"Ramewa na yi."

"Ba wannan na auna ba, Walƙiya. Ni da awo ba ma saɓawa. Ina ɗayan?"

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta zagayo da hannun daman a hankali, ta tallafe shi da hagu, ta ɗaga shi zuwa taga. Kan yatsun da suka leƙo daga bandejin ba launin mutum ba ne. Iska ta kaɗa daga ɗakin zuwa lungu. Bai kau da kai ba. Shi kaɗai ne tun da abin ya faru bai kau da kai ba, wannan kuma shi ya karya ta, hawayen da ta hana Mama gani suka zubo.

"Injin?" ya tambaya.

Ta gyaɗa kai.

Ya dubi nasa hannuwan, kore har ƙarƙashin farce. "Da hannuna na rubuta," ya ce a hankali. "Har na ja baya na tsaya ina yaba kaina." Ya kama ƙarfen tagar. "Fito. Babur ɗina na bakin titi. Yanzu."

"Jibi ne kawai. Suna tafiya za a kai ni. In na je yanzu za a rubuta, a kori Yaya, ƙila ma a kama shi. Ga matarsa. Ga Duguwa da 'ya'yanta, rabin unguwar nan a wurin..."

"Muryar wa nake ji? Taki ko ta Yaya?"

Ta janye hannun daga taga.

Ya zagaya ta ƙofar gida. Ta ji shi yana roƙon Mama. Ta ji Mama tana cewa ya rufa musu asiri. Sai ga muryar Yaya, wanda dawowarsa ke nan, yana tambayarsa shi wane ne a gidan nan, da ko aure ba a ɗaura ba zai zo yana ba da umarni. Aka rufe ƙofa da ƙarfi. Can sai ga shi ya dawo taga, numfashinsa sama-sama.

"Ba zan iya fasa gidan mutane in ɗauke ki ba, sai kin taka da ƙafarki. Amma ina bakin lungun nan. Gobe ina nan, jibi ina nan. Ki yi fito kawai."

Washegari ta wuni tana jin ƙarar babur ana tayarwa ana kashewa. Ta je taga ta dawo ya fi a ƙirga. Ta ɗaura zoben a bakin zaninta, ta kwance, ta sake ɗaurawa.

Ranar ziyarar ta farka da wani abu da ta manta kamanninsa: shiru a hannunta. Bugun ya ragu. Ƙaramin yatsa da mai bi masa, wanda aka auna, sun daina ciwo ɗungurungum.

"Alhamdulillahi," in ji Mama, ta ɗaga hannu sama. "Ba na ce miki ba? Sauƙi ya fara samuwa."

Auta ta zare allurar da ke maƙale a labule. A gaban Mama ta soka ta a kan yatsan, ta danna har ta shige. Ba ta ji komai ba. Kamar ta soki shuɗiyar kujerar nan. Mama ta sauke hannuwanta a hankali.

Yaya ya bayyana a bakin ƙofa cikin sabuwar rigar aiki, har da hular kwano da ba a taɓa ba su ba sai yau. Ya yi aski. A hannunsa akwai kwaɗon ƙofar gida, ya miƙa wa Mama.

"Ki rufe bayan na fita, kar wannan mai fentin ya zo ya tara mana jama'a." Ya gyara murya. "Auta, yau ne ƙarshe. Da la'asar mota za ta zo. Abu ɗaya Manaja ya roƙa. In likita ya tambaya, a gida ne. Ƙofar gidan nan ce ta datse ki, iska ta bugo ta. Kin ji? Ƙofa."

"Ƙofa," ta maimaita.

"Shi ke nan. Kalma ɗaya."

"Yaya, da akwai ƙofa ai da hannuna na nan."

Daga bayan bango rediyon tela yana cewa tawagar kwamitin ta kama hanya.

Sai yanzu ta ga abin gaba ɗayansa. Ba jira ake so ta yi ba, so ake abin ya zama bai taɓa faruwa ba. Za a yanke abin da za a yanke a ɗaki mai talabijin, a rubuta ƙofa, allon nan ya ci gaba da sheƙi a bakin titi, a sake zuba wa kamfani kuɗin jama'a. Sabuwar yarinyar kuma tana can tana zura hannu, ana yaba mata sauri.

Ta miƙe. Ɗakin ya juya da ita, ta dafa kujerar Manaja har ya tsaya. Rigar aikinta tana rataye a ƙusa a bayan ƙofa, katin shiga na aljihunta. Ta fizgo ta da hagu, ta zura hannu ɗaya, ɗayan ya ƙi shiga. Tana kokawa da ita sai ta ji an kama rigar ta baya. Matar Yaya ce, ta ajiye gwangwanin feshinta a ƙasa. Ta ɗauko almakashi ta tsarge hannun rigar har kafaɗa, ta lallaɓa ta sa mata, ta ɓalla maɓallan ɗaya bayan ɗaya, cikinta na gogar Auta.

"Ke kuma me kike yi haka?" in ji Yaya.

"Ni ma haihuwa zan yi," ta ce, ba ta dube shi ba.

"Auta, ki dubi girman Allah," in ji Mama, riƙe da kwaɗon. "Yayanki ne."

"Na sani, Mama. Shi ya sa na kai yau."

Yaya ya cika bakin ƙofar da jikinsa. Hular kwanon ta yi masa yawa, ta sauko masa har gira, sai ta ga yaron da yake goya ta zuwa makaranta in an yi ruwa. Tausayinsa ya kama ta, ƙaunarsa ta kama ta, amma ba su zaunar da ita ba.

"Ina za ki a haka?" ya tambaya. "Mai gadi ba zai bar ki ki shiga ba."

"Da wane dalili? An kore ni ne?"

"A'a."

"Na ji ciwo ne?"

Ya mayar da idonsa kan labule.

Ta juya wajen taga, ta haɗa leɓɓanta da suka bushe. Gajere biyu, dogo ɗaya. Kafin ta rufe baki babur ya tashi a bakin lungu. Ta kwance zoben daga bakin zaninta ta jefa a aljihun rigar, kusa da katin, ta tallafi hannunta ta tako har gaban Yaya, kusa yadda dole ya shaƙi abin da lemo ya kasa rufewa.

"Ku kuka ce hutu nake, Yaya. To hutun ya ƙare, yau zan koma bakin aiki. Zan buga katina, in tsaya a gaban injina har shugabar kwamitin nan ta iso, in kwance mata bandejin nan ta karanta. Daga can a wuce da ni asibitin benci. Matsa in wuce, kar in makara."